Katin Laraba

Duk Laraba, in la'asar ta yi sanyi a Fagge,
nakan ɗaga ƙafa daga keken ɗinki,
in zare ɗan katin nan daga waya,
ƙanƙane kamar farcen jariri,
in ƙulle shi a ƙyallen shadda,
in nufi wajen Tasi'u.

Tasi'u mai turi, ƙarƙashin koɗaɗɗiyar lema,
tebur ɗaya, kwamfuta mai tsagaggiyar fuska,
janareta na tari a bayansa.
"Baba tela, yau wanne?"
"Duk abin da ya sauka a makon nan.
Kada ka tace min, ba koko na zo saya ba,
zuba min har da tsakinsa."

Sai dare, in layi ya ɗauke ƙafa,
in kunna, in ja wuyan riga ƙarƙashin allura.

Na farko yaran birni ne,
masu zubo magana kamar ƙanƙara a kan kwano,
rabi Hausa, rabi Turanci, suna faɗa da tsadar mai.
Ban kama duka ba, amma ƙafata ta kama,
ta yi gudu har na ɗinke bakin aljihu.

Daga nan mandiri ya shigo, na rage gudu.
Sai jita daga can wajen Agadas,
tana tafe tana rangaji kamar ba a jiran ta.
Sai gangunan Ikko, masu sa kafaɗa rashin kunya.
Sai wata Basudaniya da ban san me ta rasa ba,
amma na taya ta nema.
Akwai wadda babu baki a cikinta sam,
kiɗa ne zalla, ɗigo bayan ɗigo,
kamar indararo bayan an ɗauke ruwa.
Ko Tasi'u ya kasa karanta sunan ƙasarsu.

Wasu kam shara ce, ba zan ɓoye ba.
Inji ya yi kiɗan, inji ya murɗe muryar,
mai waƙar kuɗin mota kawai ya biya.
Tara na goge a daren jiya.

Lawandi mai guga yakan leƙo, gawayi na huci a hannunsa:
"Kai da furfurarka, me ya haɗa ka da wannan hayaniya?"
Nakan ce, kunne ya girmi kaka, Lawandi,
amma ban taɓa jin ya yi furfura ba.
Wanda ke yanka yadin kowace ƙasa
yaya zai ce kiɗan gidansu kaɗai ne kiɗa?

To, makon jiya, ta arba'in da uku.
Ba suna, ba hoto, lambobi ne kawai a jere.
Yarinya ce, murya siririya,
injina sun yi mata rumfa ta ko'ina.
Can ƙasa, ƙarƙashin duk wannan ƙarfe,
sai ga wani ɗan karin murya ya ɗago kai,
wanda Inna ke yi da hanci, baki a rufe,
in tana murza mazari a tsakar gidanmu na Yakasai.
Shekara talatin da binne ta.
Ban taɓa jin sa a bakin kowa ba.

Keke ya tsaya da kansa.
Zare ya tsinke, ban ƙulla ba.

Da sassafe na koma, ba ma Laraba ba ce.
"Tasi'u, wace ce wannan? 'Yar ina ce?"
Ya duba, ya sosa ƙeya.
"Wallahi Baba, wani ne ya turo wa wani."

Shi ke nan.
Ban san kakarta ba, ban san garinsu ba,
ko a wace rijiya ita da Inna suka taɓa haɗa guga.

Yanzu kati ya cika, sai an rage kafin a ƙara.
Na ce ya share duk wadda ya ga dama,
ya bar min mai lambobin nan.
Sauran wurin kuma ya zuba sababbi,
har da tsakinsu.