Ƙarfen Taga

Likita ya rufe mini idon dama da tafinsa,
ya ce in karanta abin da ke bango.
Na ce, wane bango?
Ya sunkuya ya rubuta: kashi talatin cikin ɗari.
Ashe ido ma ana auna shi,
kamar gero a tiya, a Kasuwar Dole.

Shekara goma sha tara ina walda
a rumfar Alhaji Mutari, bayan tasha.
Mu shida, gilashin kariya ɗaya,
wanda ya riga ɗauka shi ke da ido ranar.
Laraba ce, azahar ta gota,
ina yankan ƙarfen gado,
wani ɗan tsartsatsi da bai kai ƙwayar riɗi ba
ya zaɓi na hagu ya zauna.
Hakin da ka raina, in ji mutane.
Ni ban raina shi ba, gani ne ban yi ba.
Na ɗiga ruwan randa, na ɗaure da ƙyalle,
na koma kan gadon, don an karɓi rabin kuɗin.

Alhaji ya zo dubiya da jikka goma
da lemo a leda.
Ya ce, Tasi'u, ƙaddara ce.
Na yarda da ƙaddara, da ita aka yaye ni,
amma ƙaddara ba ta hana sayen gilashi shida.

Barira, 'yata ta biyu, ita ce haguna yanzu.
Ta gefen nan take tafiya,
tana cewa, Baba ga babur, Baba ga rami.
Ita ta kai ni ofishin diyyar ma'aikata,
muka zauna kan benci tun hantsi
har inuwar bedi ta juya mana baya.

Mai tagar bai ɗago ba.
Ina lambarka?
Maigidanka ya sanar da mu lokacin da abin ya faru?
Ya buɗe littafi, ya rufe littafi.
Babu ni a ciki.
Shekara goma sha tara ina fita da asuba,
ashe a wurinsu ban taɓa fita ba.
Ya ce, sai ka kawo shaidar cewa ka yi aiki.

Na dafa ƙarfen tagar don in miƙe,
sai yatsana ya tsaya a kan wani ɗinki,
jere, mai tudu-tudu, kamar ƙashin bayan kifi,
da 'yar lanƙwasa a ƙarshe
wadda Alhaji ya sha yi mini faɗa a kanta.
Na bi na biyu. Na bi na uku.
Na ce, Malam, ga shaidar tana tsakaninmu.
Shekarar da famfo ya yi wata uku ba ɗigo,
ni na yi tagogin nan, takwas ne,
a amalanke muka kawo su, ta bayan gida tana da tabo.

Sai ya ɗago.
Ya dubi ƙarfen kamar yau aka sa shi.
Ya ce, taga ba ta sa hannu, Baba.
Amma ya yagi takarda ya rubuta mini
ofishin sufeton ƙwadago, da shaidu biyu.

Shaidu biyu.
Duk wanda ya ga abin, a rumfar yake cin abinci.
Nafi'u ya zo bayan isha, bai yi sallama da ƙarfi ba,
ya ce zai dangwala, ko me za a yi a yi.
Na biyun har yau yana shawara da matarsa,
ban kuma ga laifinsa ba, 'ya'yansa bakwai.

Takarduna, an ce, sun tafi Yamai.
Ban san kashi talatin nawa ne a kuɗi ba,
na dai san da safe, in na ɗaga buta,
shayin gefen kofi yake sauka.
Barira ba ta cewa komai,
sai ta tura kofin da ɗan yatsa,
kaɗan, zuwa hagu.