Ƙyallen Kyari

Wata huɗu ba a biya mu ko dala ba.
Rigunanmu shuɗi ne a da,
yanzu sun koma launin ruwan wanki.
Wasa goma sha ɗaya, nasara ɗaya,
ita ma don abokan karawar ba su zo ba.
In na ratsa Zango da safar hannuna a rataye,
samarin fada kan ɗaga kofin shayi:
“Ga rariya nan! Mutari mai ƙofa buɗe!”

Kyari ne kyaftin ɗinmu.
Shekara talatin da shida, gwiwar hagu a naɗe,
ba mai baki ba ne, gudun ma ya fara barinsa.
Koci ya tafi Maraɗi gaisuwar mutuwa
tun kafin azumi, har yau yana can yana gaisuwa.
Shugaban kulob kuwa, in ka kira shi,
wata mata ce ke amsawa da Faransanci
cewa layin ba ya shiga.

Sai Kyari ya sayar da babur ɗinsa,
wanda yake kabu-kabu da shi bayan la'asar,
ya biya motar da ta kai mu Tawa.
Bai faɗa wa kowa ba.
A ƙafa muka gan shi yana shiga Birni,
yana ɗingishi tsakanin duwatsu,
muka gane.

Ni kuwa, daren jajibirin wasan ƙarshe,
wani mai farar mota ya tare ni bayan Kasuwar Dole,
ya cusa min jaka hamsin a aljihu.
“Ƙwallo biyu kawai. Ka ɗan makara wajen faɗuwa.
Wa zai lura? Ai kullum haka kake.”
Na tuna kuɗin haya, na tuna mai garuwa
da ke bin mu jarka goma sha tara,
na tuna tarin Zuwaira da ya ƙi jin jiƙo.
Ban ce to ba. Ban kuma mayar ba.
Da na juyo, ga Kyari wajen mai tsire,
yana kallon wuta kamar bai ga kowa ba.

Na kwana ina jiran tonon silili.
Washegari, muna ɗaure takalma,
ya kwance ƙyallen kyaftin daga damtsensa,
ya zo ya ɗaura min, ya ja har ya yi zafi.
“Gwiwata ba za ta kai ƙarshe ba.
Riƙe mini yaran nan.”
Iyakar maganar ke nan.
Da zagi ne, da na san inda zan ajiye shi.

Minti casa'in ƙyallen nan na cizona.
Na faɗi dama, na faɗi hagu, na ci ƙasa,
na tare wata da haƙarƙari har numfashi ya ɗauke,
na daka wa Rabe tsawa, na ce Ɗan Ladi koma baya,
da wata murya da ban san ina da ita ba.
Mai farar mota na can a inuwa yana duba agogo.
Aka tashi babu ci.

Kada ku zaci labarin ya yi daɗi.
Canjaras bai ishe mu ba, mun faɗa rukuni na biyu.
Kuɗin na mayar da kaina, cikin baƙar leda,
mutumin ya tofa yawu kusa da takalmina.
Mai garuwa na nan yana ƙirga.

Jiya bayan asuba na bi ta filin.
Ga Kyari shi kaɗai da gwangwanin toka,
a duƙe, yana ja wa fili layi,
layin na ɗan karkacewa wajen gwiwar hagu.
Na miƙa masa ƙyallensa.
Bai ɗago ba. Ya ce, “Ɗauko ɗaya gwangwanin,
ka fara daga wancan gefen.”