Ƙuri'ar da Zan Kai Yamai

Jibi zan hau motar asuba zuwa Yamai,
ƙuri'ar reshenmu tana aljihuna,
ɗaya tak, kamar goron ƙarshe a faranti,
kowa a Zango yana so ya tauna.

Fadarmu tana bayan Kasuwar Dole,
benci biyu, da tabarma mai cin gefe.
Kiyari ya ɗora buta a kan gawayi,
gardama ta riga ruwan tafasa.

Malam Barma, da alli ya ci wa yatsu,
ya ce, "Tsohon jakadan nan shi ne namu.
Harshe huɗu a bakinsa,
ya zauna da manyan duniya, muryarsa ba ta yi rawa ba.
Wanda bai san ƙofar masu bin mu bashi ba,
ta ina zai shiga ya nemo sassauci?"

Tanimun direba ya yi dariya har ya ƙware.
"Harshe huɗu, Malam? Wanne ke ɗaga sandar iyaka?
Kwana tara na yi a bakin shinge
da raguna arba'in a bayan mota,
bakwai na binne da hannuna.
Jakadanka yana can yana shan iskar na'ura.
Ni Alhajin sufuri nake so,
ya san Kano kamar tafin hannunsa,
ya san maƙwabci riga ne,
in ta yage, kai ne za ka kwana da sanyi."

"Ya san Kano," in ji Malam, "to ya san taswira?
An tambaye shi tekun da kayanmu ke sauka,
sai da ya waiwayi yaronsa."

"Bai san sunanta ba, ya san kuɗin dakonta."

Mutari ɗan jami'a bai taɓa kofinsa ba.
Ya ce, "Ku duka kuna kallon sama,
ni abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya dame ni.
Wa ke auna man, wa ke riƙe da mudun?
Ɗaya ya ce a bi baƙi a hankali,
ɗaya ya ce kowa ya taya, a sallama.
Ba wanda ya ce zai karanta mana takardar
a rediyo, da Hausa, har ƙananan baƙaƙen."

Malam ya ce, "Yaro, rufe ƙofa ba wuya,
wuyar tana ga wanda zai nemi gishiri gobe."

Wuta ta ɗauke. Muka ci gaba a duhu,
ba mai ganin fuskar wanda yake zagi.
Shayi na uku ya zo ba ɗaci ba ƙarfi,
suka juyo kaina: "To wakili, ina ka dosa?"
Na ce sai na kwana da shi.

A gida na tarar da Inna Fasuma a ƙofar ɗaki,
wayarta a cinya, fuskarta sama.
Wata goma sha shida ke nan
tun da Laminu ya kira daga Sabha
ya ce ya sami aikin gini, a yi masa addu'a.

Na zayyana mata digirin wannan, motocin wancan.
Ta bar ni na gama.
Ta ce, "A cikinsu wa zai ɗaga waya
ya kira mai mulkin can,
ya ce ina da yaro a wajenku, dogo, mai tabo a gira?"

Na duba takardun alkawuran nan biyu,
shafi goma sha biyu, shafi ashirin.
Babu gira a ciki.

Na ninke riguna uku na sa a jaka.
Ta miƙo min kilishi a ƙunshin takarda,
ta ce in na sami shiga wajensu
in faɗi sunan a hankali, kar su rubuta Lamiɗo.