Abin da Maite Ta Yanke

A Valparaíso gidaje kan hau tsauni
kamar awaki masu launi-launi,
ni kuma ina bin su da kyamara a wuya,
ina ɗaukar masu gasa burodi kafin gari ya waye.

Daren Talata na tura wa Maite Quilodrán
awa huɗu da minti goma sha ɗaya,
fayil talatin, sunayensu abin kunya:
"sabo", "sabo na biyu", "sabo na gaske".
Saƙona kalma uku ne: ki gyara kawai.

Da safe ta amsa daga ɗakinta a Quilpué,
inda kyanwa ke barci a bayan kwamfuta:
"Amaro, buhun gari ka aiko min,
ba ka ce burodi kake so ko taliya ba.
Wa zai kalla?
Me zai rage masa in ya ajiye waya?"

Haushi ya kama ni.
Ai ni na tashi ƙarfe uku,
ni iskar teku ta daka wa kunnuwa.
Ban ba ta amsa ba.

Kwana biyar, ta turo minti tara.
Na yi ta neman faɗuwar ranata,
wadda na taka matakala ɗari biyu dominta,
jiragen ruwa jawur kamar an tsoma su a manja.
Babu ita. Ko ƙyallinta.

A gurbinta ta bar abin da na ɗauka da mantuwa,
ranar da ban kashe kyamara ba:
Don Evaristo, shekara saba'in da uku,
yana murza kwaɓi, sai hannu ya tsaya,
ya dubi ƙusar bango
inda rigar aikin matarsa ke rataye har yau.
Daƙiƙa goma sha ɗaya, babu magana,
sai numfashin tanda.
Ko kiɗa ba ta sa ba.

Na kira ta, murya a sama.
Ta bari na gama zuba, sannan ta ce:
"Rana tana faɗuwa a bidiyon kowa.
Wannan shirun kai kaɗai ke da shi.
Tasharka ce, in ka ce a mayar zan mayar,
amma faɗa min minti nawa, faɗa min dalili.
'Bai yi min ba' ba gyara ba ne, ƙorafi ne.
Kuma kafin kowa ya gani,
je ka nuna wa tsohon. Shirunsa ne."

Na je. Ya kalla sau biyu,
gari a gira, gilashi a ƙarshen hanci.
Ya ce a bar shi,
sai dai a rubuta sunanta daidai: Herminia, da H.

Yanzu kowane fayil na da rana da sunan titi.
A keken da ke hawa tsauni nake yi mata saƙon murya:
ga wanda zai kalla, ga inda zuciyar take,
ga abin da ko an mutu kada a taɓa.
Gyara zagaye biyu, ba goma ba.
Kuɗinta ranar Juma'a, ba sai ta tuna min ba.

Har yanzu muna ja-in-ja.
Makon jiya na ci ta a kan wani kare
da ya saci burodi a minti na shida;
ta ce ɓata lokaci ne, na ce a bar shi,
ta bar shi, har ta ƙara masa daƙiƙa biyu.

Faɗuwar ranar nan tana nan a ajiye.
Wani dare nakan buɗe ta ni kaɗai.
Tana da kyau, wallahi tana da kyau.
Sai dai ba ta da abin faɗa.