Katin Zama

Ranar da katin ya iso, Mudassir ya ɗaga shi sama
kamar wanda ya tsinci dami a kala.
Ya ce, Inna, yau kin zama 'yar gari.
Na juya shi gaba da baya.
Hotona ne, fuska a murtuke kamar mai bin bashi,
sun kuma cire wa sunana ƙugiya:
Ɗayyaba ta shiga jirgi a Kano,
Dayyaba ta sauka a Kolombos.

Shekara talatin da biyar a asibitin Malumfashi
ina karɓar haihuwa, da tocila a baki in an ɗauke wuta.
Rabin 'yan acaɓan garin ni na yanke musu cibiya,
ba mai karɓar kuɗina in na hau.
Nan kuwa direban bas yana murmushi
irin wanda yake yi wa kowa.

Ba zan yi butulci ba.
Wuta ba ta ƙiftawa, famfo na ba da ruwan zafi da asuba,
gwiwar da ta hana ni sujada shekara huɗu
ta ga likita, ta sauka ƙasa.
Amma da na ga takardar kuɗin a kan tebur
sai gwiwar ta sake yi mini nauyi.
Fanshona na faɗowa a waya ƙarshen wata, ƙit.
Na ce a juya mini shi dala.
Yaron ya danna, ya yi shiru,
ya ce, Inna, ki bar shi can a yi zumunci da shi.

Lauyar ta ce katin yana da sharaɗi:
je ki gida, amma kada ki daɗe,
in kin yi nisan kwana za a tambaye ki a bakin ƙofa
ina ne ainihin gidanki.
Na yi dariya ta ciki.
Ni ma da za su ba ni amsar, da na gode.
Akuya ce a turke, igiyar da tsawo,
amma igiya ce.

Gambo, abokiyar aikina, ta ƙi kati.
Bizar ziyara take yi, ta zo da ɗumi ta tafi kafin sanyi,
shamuwa ke nan, ba ta san ƙanƙara ba.
Malam Sidi ya ƙi ko fasfo,
yana ƙarƙashin dalbejiyarsa yana jiran magani daga Katsina.
Mu uku, ba wanda ya ci riba duka.

Shirun nan ne ban saba ba.
Yini guda ba sallama, ba yaro ya ce an aiko shi,
kiran salla daga aljihun jaka yake fitowa.
Jikata Ikilima tana ce mini sannu
da harshen da ke tuntuɓe a kan nu.

Sai wani dare a watan sanyi aka buga ƙofa.
Mijin Hodan ne, maƙwabciyarmu Basomaliya,
hanya ta toshe, motar asibiti na tafe a hankali.
Mudassir ya ce, Inna, ba ki da lasisi a ƙasar nan.
Na ce, riƙe baya ma sai da lasisi?
Na durƙusa kan sabuwar gwiwata,
ba na jin yarenta, ba ta jin nawa,
muka ƙirga numfashi tare har fitilun suka iso.
Mace ce. An ce da lafiya.

Da safe na wanke hannu na dube su.
Su ba su nemi izinin kowa ba kafin su tuna.

Yanzu ina da yakuwa a bokiti uku bakin taga,
ganyen ƙanana, tsamin nan dai yana nan.
Katin yana cikin jaka tare da carbi da makullin ɗakina na can.
Ban faɗa wa Mudassir ba tukuna
ƙasar da nake so ta rufe ni.