Tuta a Bakin Ƙofa

Ni ce mai riƙe da littafin taro,
Nélida Carvajal, malamar lissafi da ta ajiye alli,
saboda haka abin da zan faɗa, na ƙirga shi.

Shekara huɗu kogin garinmu bai ce uffan ba.
Gonakin fiya sun haye duwatsun Chile, kore shar,
mu a ƙasa muna jiran tankar ranar Talata:
lita hamsin kowane kai,
a sha, a dafa, a wanke jariri,
in ya rage a tuna da akuya.

Mu sha tara muka fara,
a tsohon ajina, kan kujerun yara,
gwiwa na gaisawa da haɓa.
Ba mai kati, ba mai tuta.
Mun kwana kan gadar da ba ruwa ƙarƙashinta,
mun jera jarkoki a ƙofar ofishin gwamna
har hotonsu ya yi tafiyar da mu ba mu taɓa yi ba.

Sai zaɓe ya ƙarato.
Sai ga baƙi da takalma masu ƙyalli,
da lauya, da alkawarin bas biyu zuwa Santiago,
da tuta a naɗe a hammata
kamar mai ɓoye wuƙa a gidan biki.

Tsoho Fermín ya miƙe, sandarsa ta riga shi magana:
"Na taɓa hawa irin bas ɗin nan.
An kai mu, an ɗauki hoto, an manta hanyar dawowa.
Wanda ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.
Yau su zauna a baya, gobe su riƙe lasifika,
jibi ƙishirwarmu ta koma takensu."

Ximena, mai goyo, ba ta tashi ba.
"Kaka, doka ce ta sayar da kogin,
kuma ba a kan gada ake rubuta doka ba.
Shekara huɗu hannunmu tsaf,
tulunmu ma tsaf, ba ko ɗigo.
Tsarkin da ba ya jiƙa maƙogwaro, in yi me da shi?"

Na duƙa ina rubutu, don kada a ga fuskata.
Ɗana Baltasar na jingine da allo.
Shi ya ɗauki jarkar Fermín duk lokacin sanyin bara,
shi 'yan sanda suka fasa wa gira a kan gada,
kuma ni kaɗai na san katin da ke aljihunsa,
don ni ke wanke wandon.
In mun rufe ƙofa, ta wane gefe za a bar shi?

Mun kai ƙarfe ɗaya na dare.
Ashirin da shida suka ɗaga hannu, ashirin da uku suka naɗe,
ni ban ɗaga ba, na ce alƙalami ya riƙe ni.
Ga abin da na rubuta:
mutum ya shigo, tuta ta jira a waje.
Ba mai magana da sunanmu sai wanda muka aika.
Mai son lasifika ya fara ɗaukar ruwa Talata uku.

Talatar farko su goma sha ɗaya.
Ta biyu, huɗu.
Ta uku mace ɗaya, ta zo da takalmin roba,
ba ta nemi lasifikar ba.
Lauyan kuwa ya shigar da ƙarar, ban hana shi haƙƙinsa ba.

Jiya a kasuwa na ga jarkokinmu a jikin bango,
an buga su da launi, da sunan ɗan takara a sama.
Fermín ya tofa yawu. Ximena ta ce, "Ko ba komai an gan su."
Na tsaya ina neman tawa a hoton,
mai murfi shuɗi, ta uku daga hagu.
Na same ta.
Ba wanda ya tambaye ta jam'iyyarta,
kuma har yanzu babu ruwa a ciki.