Kafaffe

Ƙarfe uku na dare, tashar jiragen ruwa ta Gdańsk.
Shayina ya huce tun ɗazu.
Tymon, wata biyu ke nan da kama aiki,
ya ɗora yatsa kan allon kwamfuta:
"Bogna, nan akwai ƙarya.
Kin ce kafaffe, kin raɗa masa suna nauyi,
amma ba ki ba shi lamba ba.
Ina aka taɓa kafa abin da ba a sani ba?"

Na ce leƙa ta taga.
Ƙugiya na saukowa kan wata jar kwantena.
Ko tayal ne a ciki, ko daskararren kifi,
ko takalman yara daga wata uwa duniya, oho.
Igiyar ƙarfe ta miƙe. Sikeli ya nisa.
Tan ashirin da shida da ɗoriya.
A wannan ƙiftawar ido layin ya buɗe baki,
ya haɗiye lambar, ya rufe ruf.
Daga nan har a dire ta cikin jirgi,
ko ni da na rubuta shi,
in na kai hannu, manhajar za ta buge min yatsa.

"To gobe fa?"
Gobe wata kwantenar, wata lambar.
Alkawarin na tsawon ɗagawa ɗaya ne.

Bai gamsu ba. A makaranta an koya masa
kafaffe shi ne irin kwana bakwai a mako,
abin da aka sassaƙa tun injin bai farka ba.
Akwai wannan, ban musa ba.

Abin da ban faɗa masa ba:
wata huɗu kafin in haihu
na sayi ɗan littafi mai koren bango,
na rubuta Jagoda, na bar gurbin rana da nauyi.
Likita ya yi hasashe, mahaifiyata ta yi nata,
duk suka sha ƙasa.
Ta zo ran Talata, dusar ƙanƙara na zuba,
kilo biyu da giram ɗari tara.
Yanzu ta fi ni tsawo,
sau huɗu tana sauya launin gashi,
ba ta kira sai Lahadi, wata Lahadin ma shiru.
Lambar na nan da shuɗin biro.

Tymon dai sai da ya gwada.
Ya ƙara ɗaya a kan nauyi,
jan rubutu ya fito ya ce a'a.
Ya ja tsaki, ya goge,
ya tashi ɗora mana ruwan zafi.
A waje ƙugiya ta koma sama, hannu rabbana.